Darasi Na Goma Sha Bakwai: Haƙƙin Hanya Da Alhakin Mahayin Babur

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya hore mana abin hawa, ya shimfiɗa mana ƙasa domin mu yi tafiya a bayanta mu nemi halalinmu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurarenmu a cikin birnin Tawa da kewayensa, da mutanen Afala da Barmu da Kalfu da Bambai da Takanamat, har zuwa Tabalak da Abalak da duk inda wannan murya ta kai, Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

A darussan da suka gabata mun yi bayanin abubuwan da ke ɓata azumi da waɗanda ke rage ladarsa. Yau za mu yi magana a kan babur, wanda mu nan muka fi sani da moto. Wani zai ce, Malam, me ya haɗa wa'azin watan azumi da babur? To, ga abin da ya haɗa su.

A azumin bara, saura kamar minti goma a sha ruwa, aka aiki wani saurayi a unguwarmu ya sayo ƙanƙara. Ya samu, ya rataya ledar a hannun babur, ya juyo yana sauri domin ya riga ladan isowa gida. A daidai wata kwana sai ga wata dattijuwa tana tsallaka kwalta da ƙwaryar kunu a kanta, za ta kai sadaka masallaci. Ya buge ta, shi kuma ya faɗi, kansa ya daki gefen kwalta. Ita ta cika a wurin, shi kuwa bai kai asuba ba. Da safe na sallaci gawa biyu a jere. A wurin zaman makoki, duk wanda ya shigo sai ya ce kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na zauna har aka watse, ban ji wanda ya tambayi abin da Shari'a take tambaya a irin wannan wuri ba: jinin wannan baiwar Allah, a wuyan wa yake? Wannan tambaya ita ce darasinmu na yau.

Hanyar da muke tarayya a kanta

Babur ni'ima ce daga cikin ni'imomin Allah, kuma babu mai musun haka a ƙasar Adar. Ƙauyukanmu da yawa suna bayan duwatsu da ƙoramu, inda mota ba ta shiga sai da wahala. Da babur ake kai mai naƙuda asibiti, da shi malamin makaranta yake isa bakin aikinsa, da shi ɗan kabu-kabu yake ciyar da iyalinsa. Matashin da ya dawo daga bida, ko daga Abijan ko Libiya ko Najeriya, sau da yawa abin da yake fara saya da guminsa shi ne babur. Saboda haka ba mu zo mu zagi babur ba. Mun zo mu tunatar da juna cewa kowace ni'ima tana da haƙƙi, kuma za a tambaye mu a kansa.

Ku dubi hanyoyinmu. Wadda ta taso daga Tsarnawa ta ratsa Badagishiri ta shigo Tawa, da wadda ta fita ta nufi Tabalak da Abalak har Agadas da Arlit, su wa ke bin su? Akwai manyan motocin albasa da na siminti, akwai motocin fasinja masu dogon zango, akwai amalanken jaki ɗauke da itace ko jarkokin ruwa, wanda ba shi da fitila ko ɗaya. Akwai makiyayi da ke tsallakar da garke, da raƙumi mai firgita da ƙara, da ƴan makaranta, da almajirai, da makaho da ɗan jagoransa. Ranar Lahadi, da kasuwar Tawa ke ci, duk waɗannan suna haɗuwa a wuri guda. A cikin gari kuma, tun bikin Tawa Sakola na shekarar 2017 aka ƙara shimfiɗa kwalta a titunanmu. Kwalta alheri ce, sai dai ta sa wanda a da rairayi ke riƙe masa taya yanzu ya sami damar sakin gudu a tsakiyar gidajen mutane.

Abin bai tsaya a kanmu kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta bayyana a rahotonta na shekarar 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, wato sama da mutum 3,200 a kowace rana. Ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, kuma fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'arta, alhali ita ce mai ƙarancin motoci. Waɗanda suka tsira da karaya ko shanyewar jiki kuwa, miliyoyi ne masu yawa.

Ƙaddara ba ta ɗauke alhaki

Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗinta da mai ɗacinta, kuma babu ran da zai fita kafin wa'adinsa. Wannan rukuni ne na imani. Amma ku lura, ƴan'uwa, ɓarawon da ya yi sata shi ma da ƙaddara ya yi ta, kuma ba mu taɓa jin alƙalin da ya sallame shi saboda haka ba. Ƙaddara abin rarrashin wanda musiba ta sama ce. Ba a mayar da ita mafakar wanda ya jawo musibar da hannunsa.

Allah Ta'ala ya hana mu jefa kanmu ga halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara, ya hana mu kashe kawunanmu a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, kuma a Suratul Ma'ida, aya ta 32, ya daidaita kashe rai guda ba da haƙƙi ba da kashe mutane baki ɗaya. A cikin wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa akwai umurni da tsakaitawa a cikin tafiya da hani ga taƙama a bayan ƙasa. Idan an umurci mai tafiya da ƙafa ya tsakaita, ina ga wanda ke bisa ƙarfe mai wuta?

Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ko ya ɗaure raƙumarsa ya yi tawakkali, ko ya sake ta ya yi tawakkali. Sai aka umurce shi ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah. Sayyidina Umar ma, da ya nufi ƙasar Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, komawa ya yi da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa komawar ita ma ƙaddarar Allah ce. Gyara birki, da kunna fitila, da rage gudu, duk ɗaure raƙumi ne.

Ga kuma abin da ya fi kama da halinmu. A Hajjin Ban Kwana, da rana ta faɗi a Arfa, jama'a suka taso gaba ɗaya, kowa yana zaburar dabbarsa. Jabir ya ba da labari, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, cewa Manzon Allah ya ja ragamar taguwarsa Ƙaswa'u har kanta ya kusa taɓa sirdi, yana nuni da hannunsa na dama yana umurtar mutane da natsuwa. A ruwayar Bukhari daga Ibn Abbas, ya sanar da su cewa aikin alheri ba a samunsa da gaggauta abin hawa. Wannan fa tafiya ce ta ibada, zuwa Muzdalifa, a daidai faɗuwar rana. Idan ba a yarda a yi tsere zuwa Muzdalifa ba, yaya za a yarda a yi shi zuwa ga ƙwaryar kunu?

Hukuncin mahayi a littattafanmu

Wani yana zaton malaman da ba su yi magana a kan haɗarin hanya ba, tunda ba su ga babur ba. Sun yi. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantarwa a zaurukanmu, ya san cewa a babin hukunce-hukuncen jini an bayyana cewa mahayin dabba, da mai janta, da mai korarta, su ne masu lamunin abin da ta taka. An cire abin da dabbar ta yi ba da sababinsu ba. Dabba tana da nata rai da nata hali, tana iya firgita ta ƙwace. Babur kuwa ba ya motsi sai ka murɗa shi, don haka lamunin mahayinsa ya fi ƙarfi.

Wanda ya kashe mutum ba da nufi ba, wannan shi ake kira kisan kuskure, kuma hukuncinsa yana cikin aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Abu biyu ne ke hawa kansa. Na farko diyya, wadda haƙƙin magadan mamaci ce. Gwargwadonta raƙuma 100 ga ma'abota raƙuma, ko dinari 1,000 ga ma'abota zinariya, ko dirhami 12,000 ga ma'abota azurfa. Dinari 1,000 ya haura kilo 4 na zinariya. Ku je kasuwa ku tambayi kuɗin raƙumi guda, ku ninka sau ɗari, sannan ku san darajar da Shari'a ta ba ran yaron da kuke wucewa ta gabansa kamar iska. Saboda nauyinta ne aka ɗora ta a kan dangin mai laifi na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su biya cikin shekara uku. Gaɓoɓi ma kowace da farashinta: hannu guda rabin diyya, ƙafa guda rabin diyya, ido guda rabin diyya, yatsa raƙuma goma, haƙori raƙuma biyar. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da bai kai sulusin diyya ba daga aljihun mai laifi yake fita, haka nan dukiyar da ya lalata, ko akuya ce ya take ko tiren mai talla ya zubar.

Na biyu kaffara, wadda haƙƙin Allah ce: ƴanta wuyan bawa mumini, wanda bai samu ba sai ya yi azumin wata biyu a jere. Yau babu bayi, saura azumi. Idan ya sha rana guda a tsakani ba da uzuri ba, sai ya sake daga farko. Kuma a kaffarar kisa ba a ambaci ciyarwa a madadin azumi ba. Mu da muke ƙirga kwanakin Ramadana muna jin jiki a zafin Adar, mu auna wata biyu ba hutu.

A nan ne mutanenmu suke yawan kuskure. A al'adarmu, idan haɗari ya auku, iyayen mamaci sukan ce sun yafe, sun bar wa Allah. Wannan karamci ne, Allah ya saka musu da alheri. Amma abin da suka yafe shi ne diyya, domin ita ce tasu. Kaffara ba tasu ba ce, balle su yafe ta. Haka nan abin da inshora ta biya, ko tarar da hukuma ta karɓa, ba ya sauke wannan azumi. Kuma idan a cikin magada akwai marayu ƙanana, babu wanda ke da ikon kyautar da rabonsu don jin kunyar maƙwabci.

Malaman zamani sun bi wannan sawu. Majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda Nijar take cikinta, ta zauna a ƙasar Burunai a shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin biyayya ga shugabanni a abin da ke tsare rayuka, kuma direba yana lamunin ɓarnar da ya jawo, sai idan abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kauce mata, ko kuwa laifin na wanda aka buge ne ko na wani daban. Saboda haka lasisin tuƙi, wato permi, da tsayawa a jar wuta, da bin hannun dama, da sauraren jandarma da ƴan sanda da jami'an hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra, mai yin su da kyakkyawar niyya yana da lada, mai take su da gangan yana da zunubi ko da bai buge kowa ba.

Abin da gudu yake yi

Bari mu ɗan yi lissafi, domin mai gudu yakan ce ai shi gwani ne. Babur mai tafiyar kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a cikin sakan guda. Daga lokacin da idonka ya ga yaro ya faɗo hanya zuwa lokacin da ƙafarka ta taka birki, mutum mai cikakkiyar natsuwa yana cin kimanin sakan guda. Ka riga ka shafe mita 17 ke nan birki bai fara aiki ba. Bayan haka, idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin ya tsayar da kai yana ninkuwa sau huɗu. Wannan doka ce da Allah ya sanya a cikin halittarsa, ba ta san gwani ba.

Wanda ya yi karo yana gudun kilomita 50 a awa, daidai yake da wanda ya faɗa rijiya mai zurfin mita 10, wato kamar gaba shida. Mai gudun 80 kuwa, kamar rijiya ce mai mita 25. Wane uba ne zai ɗauki matarsa da ƴaƴansa uku ya tsaya da su a bakin irin wannan rijiya yana wasa?

Hanyoyinmu kuma suna da nasu tarko. Iska tana kwaso rairayi ta zuba a kan kwalta, wanda ya damƙe birkin gaba a kansa sai ya sami kansa a ƙasa. Hanyar burji tana da ƙunya-ƙunya da tsakuwa mai zamewa. Da damina ƙorama tana cin gefen hanya cikin dare guda. Lokacin hazo ba ka ganin amalanke sai ka zo kansa. Babbar mota tana da wuraren da direbanta ba ya ganin komai, musamman ta damansa da bayansa, don haka idan ba ka ganin fuskarsa a madubinsa, shi ma ba ya ganinka. Da dare, fitila guda da ke tahowa tana iya zama mota ce mai mataccen ido ɗaya.

Sai maganar kaske, wato hular kwano. Mun ji masu cewa zafi gare ta, da masu cewa rawani ya wadatar, da masu cewa sanya ta raunin tawakkali ne. Zafi gaskiya ne. Rawani kuwa yana tare rana da ƙura, ba ya tare dutse. Game da tawakkali, Anas ɗan Malik ya ruwaito, a Bukhari da Muslim, cewa Manzon Allah ya shiga Makka ranar buɗe ta da kwalkwali a kansa. Ranar Uhudu ma sulke biyu ya sanya, kuma an fasa kwalkwalin da ke kansa mai daraja. Wa ya fi shi tawakkali? Hukumar OMS ta ce kaske mai inganci da aka sanya daidai yana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100. Sharaɗinsa a ɗaure igiyarsa a haɓa, domin wanda ba a ɗaure ba shi ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa. Ƙashin ƙafa idan ya karye ana ɗora shi, ƙwaƙwalwa kuwa babu maɗorinta.

Abin da ya keɓanci wannan wata

Sa'ar da ta fi tsoratar da mu a Ramadana ita ce wadda ke gaban magariba. Jiki ya bushe da ƙishirwa, barcin dare bai isa ba, rai yana saurin ɓaci, rana ta sauko tana dukan idon duk wanda ya fuskanci yamma, kuma kowa ya fito lokaci guda: mai sayen ƙanƙara, mai kai abinci, mai dawowa daga tafsiri. Mutane sun ji cewa gaggauta buɗa-baki sunna ne, sai suka fahimce shi a karkace. Abin nufi, da zarar rana ta faɗi ka sha ruwa a inda kake, kada ka jinkirta. Ba a ce ka yi tsere zuwa gida ba. Sanya dabino uku a aljihunka. Idan kiran salla ya riske ka a hanya, ka gangara gefe, ka kashe babur, ka buɗe bakinka, ka cika sunna ba tare da ka taɓa kowa ba.

Wanda ya kwana tahajjudi, ya yi sahur, kada ya hau babur ya kama hanyar Abalak ko Ƙwanni ido na lumshewa. Gyangyaɗin sakan biyu ya isa. Masu shan Tramol da dare kuma, wai don su jure aiki, su sani sun haɗa haramun biyu: gusar da hankali da jefa rayukan mutane cikin haɗari. Wannan ƙwaya tana kawo jiri da gyangyaɗi, tana kuma iya jefa mai shanta cikin farfaɗiya yana bisa hanya.

Ga salla tana tafe, ga bukukuwan aure da ke biyo bayanta. A nan ne samari ke ɗaga tayar gaba, suna sakin hannu, suna cire salansa domin ƙara ta cika unguwa, suna kewaye motar amarya. Abu Dawuda ya ruwaito hani ga Musulmi ya firgita ɗan'uwansa Musulmi, ko da wasa ne. Kuma Manzon Allah ya umurci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu, don kada ya yi wa wani rauni. Mai ratsa kasuwa da ƙarafunan gini ko kwanon rufi a gicciye bayan babur, ya auna kansa da wannan hadisi.

Ku iyaye, yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba idan ya zauna a kan babur, wanda ya miƙa masa makulli abokin tarayyarsa ne a duk abin da ya biyo baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku mata, ku tattara zane da hijabi kafin a tashi, domin sau da yawa bakin mayafi ne ke shiga taya ya fizgo mace da goyonta. Mai babbar riga shi ma ya naɗe ta. Mai amalanke ya liƙa wani abu mai ƙyalli a bayansa ko ya riƙe tocila. Mai kasa kaya a kan kwalta, da mai barin dabbobinsa su kwana a hanya, su tuna cewa kawar da cuta daga hanya reshe ne na imani, to yaya matsayin mai ɗora ta?

Idan haɗari ya auku

Wanda ya buge mutum kada ya gudu. Idan yana tsoron fushin jama'a, ya nufi wurin ƴan sanda ko jandarma mafi kusa ya ba da kansa. Ku kuma jama'a, ba a ba ku hukunci a hannu ba. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, ko ƴan sanda a lamba 17. A tsayar da ababen hawa don kada a sake bi ta kan wanda ya faɗi. Kada a ɗauke shi kamar buhu, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, domin idan ƙashin wuya ko na baya ya taɓu, irin wannan ɗauka ita ke shanye mutum har ƙarshen rayuwarsa. A tallafi kai da wuya su daidaita da jiki. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa a baki, yana iya shaƙe shi. Masu zaro waya suna ɗaukar hoton al'aurar Musulmi da jininsa suna yaɗawa, su ji tsoron Allah.

Wanda kansa ya bugu, ko da ya tashi ya kakkaɓe riga ya ce ba komai, a kai shi asibiti. Jini yana iya taruwa a cikin ƙoƙon kai sannu a hankali, mutum ya yi hira da iyalinsa da dare, da safe a tashe shi bai tashi ba. Amai, da ciwon kai mai ƙaruwa, da yawan barci, da ruɗewar magana, alamu ne da ba a jira da su. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, ba a fara kai ta wurin maɗori. Idan likita ya ce mai rauni ya sha magani ko ruwa da rana, ya sha, ya rama bayan salla, Allah ya yi masa rangwame.

Tambayar mai saurare

Wani ɗan kabu-kabu ya aiko yana cewa babur ɗin ba nasa ba ne, akwai kuɗin da dole ya kai wa mai shi kowace yamma, kuma fasinja da kansa ke ce masa ya yi sauri, idan ya ƙi a hau na wani. Yaya zai yi?

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'arka, halal kake nema. Amma ranar da abin ya auku, fasinjan da ya zuga ka ba zai yi maka azumin wata biyu ba. Wanda ya hau bayanka amana ne a hannunka har ka sauke shi, kuma arzikin da aka rubuta maka ba zai wuce ka ba don ka rage gudu. Sannu ba ta hana zuwa. Mai babur kuma ya sani, idan ya ɗora wa yaro kuɗin da ba ya samuwa sai da ganganci, ko ya ba shi babur marar birki da fitila yana sane, yana da kaso a cikin alhakin. Ya sassauta, Allah ya sassauta masa. Fasinja mai gaggawa shi ma ya fito da wuri.

A nan za mu dakata. Duk wanda ya san ya taɓa zama sanadin rasa rai a hanya, kuma bai yi kaffara ba saboda an ce masa an yafe, ya je wurin malamin da ya amince da shi ya warware masa yadda abin ya faru, domin a duba ko tana kansa, tun yana da sauran numfashi. Gobe, in Allah ya kai mu, za mu shiga hukunce-hukuncen i'itikafi.

Ya Allah ka jiƙan waɗanda suka rasu a hanyoyinmu, ka ba masu jinya lafiya, ka shiryi matasanmu, ka tsare hannayenmu daga jinin bayinka. Ka kai matafiyanmu gida lafiya, ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, ka sanya mu cikin ƴantattun wannan wata.